Askar da Ba a Yi wa Kakanmu Ba

Bayan sallar isha'i saƙon ya shigo, ina zaune a ƙofar gida a Birnin Kebbi ina jiran iska ta kaɗo. Ɗan yayana ne, wanda ke karatu a Ingila. Hoton taswira ya fara turowa, an shafe Ailan da Sifen da yammacin Faransa da launi mai duhu, a ƙasa an rubuta R1b. Sai muryarsa ta biyo baya: "Baffa, don Allah duba mini wannan. Yawu na tofa a 'yar kwalba na aika wa masu gwajin ƙwayar halitta, ga abin da suka maido mini. Ashe jinin Turawa gare mu?"

Daren nan barci ya yi mini wuya. Tun muna ƙanana abin da aka shayar da mu shi ne mu Lekawa ne, jinin Kanta, kuma kakanninmu daga gabas, daga Makka, suka taso. Sunan Leka yana nan a ƙarshen takardun makarantarmu da fasfo da katin zaɓe. Gida biyu ke amsa shi, namu na Birnin Kebbi da babban gida na Argungu, inda muke zuwa suna da biki da ta'aziyya, mu kuma kwana can idan lokacin su ya yi a Matan Fada. Gidajen biyu duk sun tafi a kan cewa kakanmu ɗaya ne, wani mutum da ake yi wa laƙabi da Na-Leka, wanda ya yi zamani da Sarkin Kabi Sama'ila, wato Sama, da ya hau gadon sarauta a 1883.

Wanda ba Bakabe ba zai ce mene ne abin hana barci a nan. Leka ita ce garin da Muhammadu Kanta ya fara kafa ƙarfinsa, kafin Surame, kafin ya juya wa Askiya Muhammadu na Songhai baya wajen 1516 a kan rabon ganimar yaƙin Agadas. Daga sunan garin nan gidan sarautar Kabi ya samo sunan Lekawa. Su suka riƙe Birnin Kebbi har masu jihadi suka ci shi a 1805, su ne kuma ke sarauta a Argungu har yau. Mai amsa wannan suna yana ɗauke da kaya mai daraja a kansa, ba zai so wata takarda daga ƙasar waje ta sauke masa shi a dare ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da ya daɗe yana yi mini ƙaiƙayi a rai, wanda ban haɗa shi da wannan magana ba sai can daga baya. Tsofaffin gidan Argungu duk suna da askar Kabawa, layi bayan layi a kumatu, har ka iya gane su daga nesa a kasuwa. Kakana kuwa, wanda na riska da rai, fuskarsa sumul take. Haka ƙaninsa, haka mahaifina. Da na tambaya ina yaro, sai aka ce ai zaman Birnin Kebbi ne, a ƙarƙashin Gwandu, cikin malamai, ya sa aka bar tsaga. Na karɓa, don amsar tana da kan gado.

Washegari na ce wa yaron ya turo mini takardar duka, kada ya tsaya a taswira. A shafi na biyu, ƙarƙashin R1b, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta V88. Nan na kama bakin zare na farko.

Kowane ɗan Adam yana ɗauke da ƙunshin halitta 46, an jera su bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba. Kusan dukansu sukan cakuɗe a kowace haihuwa, kamar an zuba gero da dawa a ƙwarya ɗaya an juya. Akwai guda ɗaya da masana ke kira Y, namiji kaɗai ke da shi, kuma daga uba yake gangarowa zuwa ɗa kusan yadda yake. Can ba a rasa ba sai ɗan kuskure ya shiga wajen kwafi, kamar yadda mai rubutun allo zai ƙara ɗigo inda babu, duk wanda ya kwafa daga allonsa kuma ya ɗauki ɗigon ya wuce da shi. Da irin waɗannan ɗige-ɗige ake raba mazan duniya reshe-reshe. R1b babban reshe ne. Ɓangarensa da ya cika yammacin Turai ana kiransa M269, shi ya sa aka shafa wa Ailan launi a taswirar. V88 kuwa ya rabu da wancan fiye da shekara dubu goma da suka wuce, kowa ya kama hanyarsa.

A 2010 Fulvio Cruciani da abokan aikinsa na jami'ar Sapienza da ke Roma suka buga bincike a kan wannan reshe. Sun tarar ya fi yawa a kewayen Tafkin Chadi, musamman a tsakanin masu magana da harsunan da ake kira dangin Chadi, har a wasu al'ummomin arewacin Kamaru ya kai tara cikin goma na maza. Hausa ita ce babba a wannan dangi, 'yar'uwar Bolanci da Ngizim da Bade da Angas da Bura, kuma cikin Hausawa ma an sami reshen ba kaɗan ba. Masana da dama sun tafi a kan cewa ya ratso Sahara ne lokacin da take kore shar, da tafkuna da koguna, kafin ta bushe wajen shekara dubu biyar da suka wuce. Wannan zamani ya bar shaida a ƙasa. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, an tono kaburbura da masu na ƙashi da ƙasusuwan giwan ruwa, kifin nan da masunta ke kokawar fitarwa a Matan Fada. A Dufuna ta jihar Yobe kuma, a 1987, wani Bafulatani mai haƙa rijiya ya ci karo da kwalekwalen da ya kai shekara 8,000. Da na karanta wannan sai na ji tsikar jikina ta tashi, ina tuna yashin da ke bayan Agadas, wai a can mutane suka taɓa kama giwan ruwa.

Na kira yaron na ce masa, "Kwantar da hankalinka, babu Bature a cikin lamarin. Kakanka na wajen uba yana wannan nahiya tun kafin a aza tubalin Daura ko Kano." Na ƙara masa da abin da ban so faɗa ba: reshen da ya fi yawa a tsakanin Larabawan Jazira J1 ne, ba shi aka gani a jikinsa ba. Zancen tasowa daga Makka, ta wannan layi dai, bai tsaya ba.

Tsugune ba ta ƙare ba. Yaron ya ce, "To Baffa, mu yi yadda mutanen nan ke yi mana, a gwada duk mai amsa Leka, mu ga ko jinin Kanta ne." A Ingila wannan dabara tana aiki, domin sunan iyali a can yana bin uba zuwa ɗa kusan shekara 700, daidai yadda Y ke bi. A 2000 wani farfesa na jami'ar Oxford, Bryan Sykes, ya gwada mazan da ke amsa sunan Sykes, ya tarar kusan rabinsu zarensu ɗaya ne. Mu kuwa ba haka muke ba. Bahaushe sunansa da na ubansa yake amsawa, jika ya ɗauki sunan nasa uban, na kaka ya faɗi a hanya. Abin da muke kira sunan iyali a yau yawanci rajistar makaranta ce ta haife shi, lokacin da malami ya tarar da Muhammadu biyar a aji ɗaya ya raba su da sunan gari. Dubi Shagari da Tafawa Ɓalewa, ko a nan gida Jega da Aliero da Kangiwa: garuruwa ne duka, kuma mutum ɗari na iya amsa ɗaya ba tare da sun haɗa kaka ba. Namu ma a elementare aka fara rubuta wa mahaifina shi. An tambaye shi ɗan wane gida ne, ya ce gidan Na-Leka, malamin ya yanke ya rubuta Leka. Suna ne da bai kai shekara 100 a takarda ba.

Duk da haka gidajenmu biyu suna da'awar kaka ɗaya, kuma wannan abu ne da gwaji zai iya dubawa. Da yaron ya zo hutu ya taho da 'yan sandunan auduga da ake goga wa cikin kunci. Na tafi Argungu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba, na sami ɗan'uwana, sa'ana, malamin makaranta mai ritaya, na yi masa bayani a zaure. Ya yarda, ya goga, muka rufe ambulan. Bayan makonni sakamako ya fito: E-M2. Reshe ne da ya fi kowane yawa a Afirka ta Yamma, kuma rabuwarsa da namu ta haura shekara dubu hamsin. Ta wajen uba, ni da mutumin da muka tashi muna cin tuwo a kwano ɗaya ba mu haɗa kome ba.

Nan hankalina ya tashi fiye da daren farko. Kowa ya san inda zuciyar mutane za ta fara zuwa idan suka ji irin wannan labari, kuma wadda za a fara nuna wa yatsa mace ce da ke kabari, ba ta da bakin kare kanta. Shari'a ta rufe wannan ƙofa tun da daɗewa: ɗan da aka haifa a cikin aure na mijin ne, mai jifar mace da zargi kuma sai ya kawo shaidu huɗu. Na gargaɗi yaron da kakkausar murya cewa kada ya kuskura ya sa wannan takarda a zauren WhatsApp na dangi. Ina ganin duk wanda ya sami irin wannan sakamako ya watsa shi kafin ya bincika ya ɗauki alhakin matattu da na rayayyu. Zaren uba yana tsinkewa ta hanyoyi da yawa da ba su da alaƙa da abin kunya: riƙo, agolanci, almajirin da ya zauna ya zama ɗan gida, bawan da aka 'yanta, baƙon da aka ba 'ya.

Wani labari daga ƙasar da yaron ke karatu ya ba ni haske. A 2012 aka tono ƙasusuwan Sarkin Ingila Richard na Uku a ƙarƙashin wurin ajiye motoci a birnin Leicester. Da Turi King da abokan aikinta suka fitar da sakamako a 2014, zaren Y na sarkin bai dace da na mazan da takardun asali suka ce danginsa ne ta wajen uba ba. Amma ta wajen zuriyar yayarsa, Anne, aka tabbatar shi ɗin ne. Layin maza ya tsinke, layin 'yar'uwa ya riƙe. Na ajiye wannan a raina.

Abin da ya rage shi ne gano inda namu ya tsinke. Mutum biyu ba su isa shaida ba, don ba ka san a wane ɓangare matsalar take ba. Sai na nemi wasu biyu. A Argungu na sami jikan wani ɗan Na-Leka daban, daga wata uwa. A Birnin Kebbi na sami jikan ƙanin kakana. Na Argungu ya fito E-M2, kuma alamominsa sun dace da na ɗan'uwana malamin makaranta. Na Birnin Kebbi ya fito V88, daidai da ɗan yayana. Lissafi ya fita fili: mazan Argungu biyu sun haɗu a kan Na-Leka, saboda haka E-M2 shi ne zarensa. Kakana da ƙaninsa kuma ubansu ɗaya. Tsinkewar ba ta taɓa kakata ba, ba ta taɓa mahaifiyar kowa da muka sani ba. Wuri ɗaya tak ya rage mata, tsakanin Na-Leka da kakan mahaifina. A lokacin ne maganar aska ta faɗo mini. Fuskokin da babu tsaga sun fara ne daga daidai wannan wuri.

Takarda ta kai iyakarta, sai na nufi wadda ya kamata in fara da ita. Gwaggo ita ce mafi tsufa a gidan Argungu, ta haura tamanin, idonta ya yi rauni amma kanta garau. Na kai mata goro da sabulu da turmin atamfa. Na tarar da ita a bakin ɗakinta a kan tabarma, faifai a cinya, tana ɓarar da ƙayar busasshen kifi da yatsu ba tare da ta duba ba. Bayan mun gaisa, na tambayi jiki da jikoki, sai na yi ta kewaye-kewaye har ta gaji ta ce, "Kai ɗan nan, hwaɗi abin da ya kawo ka."

Na ce, "Gwaggo, me ya sa ba a yi wa kakanmu aska ba?"

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Wanga abu har sai an kai yawu ƙasar Turawa? Da kun tambaye ni da na hwaɗa muku tun tuni. Kakan ubanka ba Na-Leka ya haihe shi ba, riƙonai yay yi. Ɗan ƙanwatai ne."

Daga bakin kakarta ta ji, wadda aka kawo gidan amarya ta tarar da yaron ya fara tasawa. Ƙanwar Na-Leka an aurar da ita ga wani bafatake mutumin ƙasar Katsina, cikin masu bin hanyar Gwanja sayen goro, hanyar da ke ratsa Jega ta haye Kwara. Ya tafi da ita, suka zauna can wajen Dendi. Wata tafiya ya fita da ayari bai dawo ba, ciwo ya kashe shi a hanya. Sai ta goyo ɗanta ta dawo gidan wanta. Gwaggo ta ce ba a daɗe ba Sarkin Musulmi ya kawo yaƙi Argungu aka kore shi, wato yaƙin Abdurrahman na 1892, ka ga har shekara ta ba ni ba tare da ta san lamba ba. Uwar ba ta yi tsawon rai ba. Na-Leka ya haɗa yaron da 'ya'yansa, ya ciyar da shi, ya sa shi makarantar allo. Da aka ce a kira wanzami a yi masa aska don ya yi kama da 'yan gida, sai ya ƙi. "Yac ce aska ta uba ce, ubanai ba shi da ita, ba ya ɗora ma maraya shaidar da ba tashi ba." Bayan Turawa sun zo, gaba ta kwanta tsakanin Argungu da Gwandu, yaron ya tafi Birnin Kebbi neman ilimi, ya yi aure, ya zauna. A can kowa ya san shi da malamin gidan Na-Leka.

Na ce, "To Gwaggo, don me aka ɓoye mana?"

Ta ce, "Ba a ɓoye ba, kunya ce. Wa ka duban yaron da ya tashi cikin gida ya ce mai kai ba ɗan gida ba ne?"

Ban taɓa ganin Na-Leka ba, ko hotonsa babu, amma a ranar na ji ƙaunarsa ta shiga raina. Ya ba maraya gida da suna da tarbiyya, ya kuma kiyaye masa haƙƙin ubansa a fuska. Abin da wanzami bai zana ba a wajen 1890 shi ne na'ura ta karanto bayan shekara 130.

Saura tabbatar da zancen ƙanwa. Akwai wani gwajin daban, wanda ke duba sauran ƙunshin da ke cakuɗewa, ya auna gutsattsarin da mutum biyu suka gada daga kaka ɗaya, ko ta mace ko ta namiji. Yana raguwa da kowace haihuwa, shi ya sa tsofaffi suka fi amfani a nan. Idan labarin Gwaggo gaskiya ne, ita da ƙanin mahaifina da ya rage da rai tattaɓa-kunnen wa da ƙanwa ne, kuma irin waɗannan sukan haɗa ƙasa da kashi 1 cikin 100. Na fara bin aurarrakin gidajen biyu na tabbatar babu auren zumunci a layinsu da zai rikita lissafin. Gwaggo ta yi dariya ta buɗe baki aka goga mata audugar. Sakamako ya nuna gutsattsari da suka haɗa, gwargwadon abin da ake tsammani. Jini ɗaya ne mu da gidan Argungu, ta hanyar mace.

Kanta fa? Na tambaye ta kafin in tashi. Ta ce ita dai abin da ta ji, kakannin Na-Leka daga Leka suka taso suka biyo sarakuna har Argungu, shi ya sa ake kiransa haka. "Amma mu ba 'yan sarki ba ne. Homa da gora munka gada." Gwajin ma ba zai iya cewa fiye da haka ba. Miliyoyin maza daga Senegal har Kongo suna ɗauke da E-M2, babu sunan kowa rubuce a jikinsa. Daga zamanin Kanta zuwa yau kimanin shekara 500 ne. Idan ka ba kowane ƙarni na haihuwa shekara 30, hawa 17 ke nan, kuma a hawa na 17 kowane ɗayanmu yana da gurbin kakanni 131,072. Zaren Y mutum ɗaya kacal yake nunawa a cikinsu. A kwari ɗaya kamar na Rima, inda aka shekara ɗaruruwa ana auratayya tsakanin Kabawa da Fulani da Arawa da Zabarmawa da Dendawa, ba abin mamaki ba ne Kanta ya shiga ɗaya daga guraben mutane da yawa. Da yamma na shiga gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar wurin ajiye kayan tarihi a 1958, na wuce masu da tambura, na daɗe a tsaye gaban kayan su.

Ɗan yayana ya tambaye ni ko zai canza suna. Na ce masa a'a, wanda ya riƙi kakanmu ya cancanci mu amsa sunansa. Na koma wurin Gwaggo sau uku da waya na naɗi muryarta, ta jero mini aurarraki da haihuwa da ƙaura da babu su a kowace takarda. Sunan yanka na ƙanwar nan ne kaɗai ya ɓace, don a gidan Inna kawai ake ce mata. Da babbar sallar da ta wuce gidajen biyu suka taru a Argungu, na karanta labarin a gaban manya da izininsu, aka sauke Alƙur'ani aka yi sadaka, da niyyar ladan ya kai gare ta, da mijinta da ya rasu a hanyar Gwanja, da wanta Na-Leka. Mai karatu, idan ka kai nan, ka sa su a addu'a. Allah ya jiƙansu da rahama.